Tambaya Da Amsa: Mun Tarar Da Murhun Dutse A Cikin Bango Ya Yi Baƙi Ƙirin, Yaya Za Mu Yi Da Shi?

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Bradford, ƙasar Ingila

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Dan Allah taimako nake nema. Ni da maigidana mun sayi wani tsohon gida anan Bradford irin jerin gidajen nan da suke manne da juna, takardun gidan sun nuna tun wajen 1890 aka gina shi, toh muna cikin gyara ne masu aiki suka ɓamɓare wani falanki da aka rufe bangon falo da shi kawai sai ga murhun jin ɗumi na dutse a ciki, babba wallahi gwanin sha'awa, amma fa cikinsa da bakinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, gefe da gefe da samansa kuma an mulka masa farin fenti, da na ɗan kankara da wuƙa sai na ga akwai kore a ƙasan farin akwai ruwan ƙasa kuma a ƙasan koren. Na sa sabulun wanke-wanke da soson waya na dirje wani gefe, maimakon ya fita sai baƙin ya ƙara bajewa ya shige ciki. Maigida yace mu aro injin gurza mu gurje shi gaba ɗaya ko a sake masa fenti a huta, ni kuma raina bai so ba don dutsen nake son gani. Yaranmu biyu ne ƙanana, ƙaramin ma rarrafe yake. Yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya alheri a gidan ya sa ku shige shi a sa'a. Cikin duk abinda kika rubuto maganar yaron nan mai rarrafe ce ta fi tsaya min a rai, don haka da ita zan fara. Ki lallaɓa maigida ya bar zancen injin gurza tun yau, kar ma a shigo da shi gidan. Gidan da aka gina a 1890 aka yi ta masa fenti kan fenti, da wuya ace shafen ƙasa-ƙasan nan, koren da ruwan ƙasan da kika gani, babu dalma a cikinsu, saboda fentin mai na da da dalma ake haɗa shi, an fara rage ta ne a shekarun 1960 kuma sai 1992 aka haramta sayar wa jama'a irin wannan fentin a Ingila. Muddin yana manne a jikin dutse ba a taɓa shi ba da sauƙi, amma ranar da aka sa masa inji ko sanfefa ya zama ƙura toh ya shiga kafet ya shiga labule ya kwanta a ƙasa, daidai inda yaro yake dafa hannu ya kai baki. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin dalma ba, a 2010 yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake dakawa a cikin gidaje. Ban ce ta fenti ta kai waccan yawa ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce, kuma kaɗan ma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga wata alama a fili ba. Wurin da kika kankara ɗin nan ki goge shi da jiƙaƙƙen tsumma ki ƙulle tsumman a leda ki zubar, kar ki share da tsintsiya. Kantunan kayan gini suna sayar da ɗan abin gwajin dalma, sai ki yanka fentin har ƙasa ki gwada kowane shafe, in kuma kina son tabbaci ki aika ɓarɓashin ɗakin gwaji. In kina da juna biyu wannan aikin ba naki ba ne sam, wani ya yi.

Sai falankin da kika ce an ɓamɓare. In katako ne na gaske shikenan, in kuwa wani toka-toka ne mai kama da siminti yana da ɗan zare-zare a bakin karayarsa toh a daina karya shi, domin lokacin da aka yi ta toshe murahun nan ana sa hitar gas a shekarun 1960 da 1970 an yi amfani da allon asbesto, wanda ƙurarsa take illa ga huhu in an shaƙa, sosai don ba ya cin wuta, kuma sai 1999 aka hana shi gaba ɗaya a can. A sa masu gwaji su duba, ƙaramar hukumarku za ta gaya muku yadda ake zubar da shi.

Toh yanzu mu zo kan dutsen. Kafin ki sake ɗora masa komai ki san wane irin dutse ne, don abinda yake wanke wani shi yake cinye wani. Bradford da dutsen yashi aka gina ta, wanda ake fasawa a nan kewayenta, mai ruwan zuma-zuma in yana da tsabta, kuma yadda kika ce baƙin ya shige ciki ina kyautata zaton shi ne. Amma ki gwada, ki samu wani lungu da ba a gani inda babu fenti ki ɗiga ruwan khal ɗigo ɗaya ki kasa ido, in ya yi 'yar kumfa toh mabul ne ko dutsen farar ƙasa irin wanda ake yin siminti da shi, waɗannan ko lemon tsami ba sa so balle asid. In bai yi kumfa ba sai ki goge ki ɗiga ruwa a wani wurin, in ya shanye nan take dutsen yashi ne, in ya tsaya a sama giranet ne ko sileti. Wani abu kuma da ya kamata ki sani, a zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wato zamanin da aka gina gidan nan naku, akwai murahu da yawa da aka yi su da sileti sannan aka zana musu jijiyoyi da fenti don su yi kama da mabul, toh in kin kai ƙasa kika ga abu mai santsi da zane irin wannan ki tsaya, wannan zanen shi ne asalin adonsa kuma maganin cire fenti zai tafi da shi.

Dalilin da ya sa wankin da kika yi ya ƙara ɓata wurin kuwa, kunkunniya gari ce mai laushi ƙwarai haɗe da maiƙon kwalta na hayaƙin kwal, dutsen yashi kuma kamar tulu yake yana shan ruwa, da kika zuba ruwan sabulu a busasshen dutse sai ya shanye ruwan da baƙin gaba ɗaya. Soson waya kuma ki ajiye shi nesa, shi da buroshin waya, suna barin ɓurɓushin ƙarfe a ƙofofin dutsen bayan kwana kaɗan ki ga tsatsa ta fito ɗigo-ɗigo, kin ga an ƙara aiki.

Farkon wanda za ki kira shi ne mai share bututun hayaƙi. Mutane suna barin wannan sai ƙarshe, su gama wahalar wanki tas sannan mai shara ya zo ya zazzago musu kunkunniyar shekara da shekaru da sheƙar tsuntsu akan dutsen da suka wanke. Bayan ya gama sai ki rufe ƙasan falon da leda mai kauri ki manne bakinta, ki rufe ƙofar da ke shiga sauran gida, yara su koma sama ko gidan 'yan'uwa. Ki fara a bushe, ba ruwa ko ɗigo, injin zuƙar ƙura mai matatar HEPA, wato wadda take riƙe ƙura mai laushi ƙwarai, da ɗan buroshi mai laushi a bakinsa, ki bi ko'ina ki zuƙe abinda zai zuƙu. Akwai kuma wani soson roba da ake yi musamman don share hayaƙi, shi ba a jiƙa shi, dannawa ake yi a ja gefe ɗaya, in fuskarsa ta yi baƙi ki yanke ta da wuƙa ki cigaba da sabuwa. Za ki yi mamakin yawan abinda zai fita tun ba a kawo bokiti ba.

Sannan fenti. Wanda na fi yarda da shi a irin wannan aikin shi ne maganin cire fenti mai kauri da ake shafawa a lulluɓe da takarda a bar shi ya kwana, ana samunsa da sunan Peel Away da wasu irinsa, mai lamba 1 na tsohon fentin mai ne, mai lamba 7 kuma na fentin zamani. Amfaninsa shi ne fentin yana fitowa a jiƙe manne da takardar, ba ƙura ba hayaƙi, dalmar tana tafiya cikin leda. Amma dan Allah kar ki shafe murhun gaba ɗaya a karon farko, ki gwada wuri kamar tafin hannu a can ƙasa ta gefe, ki bar shi awa 24 zuwa 48 yadda aka rubuta a jikin robar, ki ɓare, ki wanke, ki shafa ruwan da suke bayarwa na kashe kaifinsa, sannan ki bar wurin sati guda ya bushe ki gani. Na dage akan wannan ne saboda mai lamba 1 ɗin soda ce mai ƙarfi, dutsen yashi kuma wani yana da ƙarfe a jikinsa, in suka haɗu yakan fito da tabo ruwan ƙasa ko farin gishiri ya yi ta tsattsafowa, gara ki ga haka a tafin hannu ɗaya da ki gan shi a fuskar murhun duka. In ya yi tabo sai ki koma mai lamba 7 ɗin mai sanyin, zai fi cin lokaci amma ba zai ɓata miki dutse ba. Abin kankara ya zama na roba ko katako, lungunan sassaƙa kuma tsohon buroshin haƙori ya isa. Safar hannu mai tsawo da gilashin kare ido dole ne, sodar nan in ta faɗa ido tana makantarwa, ba wai tsoratarwa nake ba. Shafe uku kika gani, yana iya yiwuwa sun fi haka, don haka ki sa a ranki za a maimaita sau biyu ko uku.

Bindigar zafi da ake narka fenti da ita ban ba ki shawararta ba, dutse yana shanye zafin ne fentin ya yi danƙo ya ƙara shigewa, in zafin ya yi yawa kuma dalmar ta tashi ki shaƙa. Haka in wani ya kawo miki tsohon gwangwanin maganin cire fenti mai sinadarin dikuloromiten yace ai wannan ya fi aiki, ki gode masa ki ƙi karɓa, sama da shekara goma ke nan da hana sayar wa jama'a shi a Turai saboda tururinsa ya kashe mutane a rufaffen ɗaki.

In fenti ya tafi sai wanki, kuma wannan karon ki fara jiƙa dutsen da ruwa mai tsabta da 'yar kwalbar feshi har ya ƙoshi, yadda in ruwan datti ya zo ba zai samu wurin shiga ba. Bokiti biyu, ɗaya ruwan ɗumi da sabulu kaɗan ɗaya na ɗauraya, buroshi na roba, ki fara daga ƙasa ki yi sama saboda in kika fara daga sama baƙin ruwa zai gangaro ya zana layi a inda ba a wanke ba kuma layin nan fitarsa da wuya. Ɗan wuri kaɗan za ki dinga yi, ki cuɗa, kumfar na yin baƙi ki ɗauke ta da tsumma nan take kar ki bari ta zauna. In akwai inda ya ƙi, sodar wanki da ake sayarwa a manyan kantuna kusan 'yar'uwar kanwarmu ce, tana yanka maiƙo, ki jiƙa kaɗan ki gwada a lungu tukunna sannan ki ɗauraye sosai. Bilic ba ya yi wa kunkunniya komai don gawayi ba ya koɗewa, kuma kar ki kuskura ki haɗa shi da ruwan khal ko wani asid ko abin wanke gilashi, iskar da take tashi guba ce.

Wanda ya riga ya shige ciki, kamar gefen da kika dirza, dirza ba za ta fito da shi ba, jawo shi ake yi. Kin san ƙunshi ai, toh kusan haka ne sai dai shi lalle launi yake sawa wannan kuma cirewa yake. Ki samu garin farin yumɓu da ake sayarwa don wannan aikin, ki kwaɓa da ruwa da ɗan sabulu ko sodar wanki kaɗan ya yi kauri kamar kwaɓin lalle, ki shafa kaurin yatsa akan tabon ya ɗan zarce bakinsa, ki rufe da leda ki manne ya kwana, washegari ki cire ledar ki bar shi ya bushe da kansa har ya fara tsagewa, a wurin bushewar nan ne yake tsotso dattin. Ki ɓamɓare, ki ɗauraye, ki jira dutsen ya bushe ki duba, in da saura ki sake. Wani tabon sai an yi masa sau huɗu sau biyar.

Amma bari in gaya miki gaskiya tun yanzu kar ranki ya ɓaci daga baya, dutsen nan ba zai koma kamar ranar da aka fasa shi ba, wata 'yar inuwa za ta rage a saman bakin murhun inda hayaƙi ya fi bi, kuma ni a wurina ki bar ta, bata rage masa kyau ba. Ke da kike garin kin ga yadda tsofaffin gine-ginen Bradford suke, hayaƙin kwal na masaƙun ulu da na gidaje ne ya mayar da su baƙi kafin dokar tsabtace iska ta 1956, daga baya da aka tashi wanke irin waɗannan gine-ginen a arewacin Ingila da Sikotilan an yi wa da yawa feshin yashi da asid don su yi fari da sauri, wasu fuskar dutsen ta tafi sassaƙarsu ta dakushe, kuma abinda ya tafi ba ya dawowa. Injin gurzan da maigida yake so haka zai yi wa naku, zai share sawun kurfin masassaƙin da ya yi shi da hannu ya bar muku gurbi-gurbi, ga ƙurar dutsen yashi ita kanta tana illa ga huhu. Can cikin ramin wutar kuwa buroshi kawai ya isa, wurin wuta ne dama baƙi ya dace da shi. In kin ga aikin ya fi ƙarfinku akwai masu gyaran dutse da suke da injin tururi mai zafi sosai amma mara ƙarfin bugu, shi ne abinda ake wanke tsofaffin gine-gine da shi yanzu.

In kwaɓin da ke tsakanin duwatsun ya zube kar a cike da siminti, gidajen wancan lokacin da kwaɓin farar ƙasa aka gina su, siminti ya fi dutsen yashi tauri sai ya riƙe danshi dutsen ya yi ta marmashewa ta gefensa. Kar ki yi saurin shafa masa abin toshe ƙofofi, ki ba shi makonni ya bushe, banish mai sheƙi kuma kar ya je kusa da shi. In kuna da niyyar kunna wuta a ciki sai an yi gwajin hayaƙi an tabbatar bututun bai tsage ba, gidajen da suke manne da juna hayaƙi yana iya ɓullawa ɗakin sama ko gidan maƙwabci, a sa ƙararrawar iskar gubar nan ta kabon monoksaid, a sa shingen ƙarfe saboda yara, kuma ki tambayi ƙaramar hukuma ko unguwarku tana cikin inda aka taƙaita hayaƙi, don kwal ɗin gida irin na da an daina sayar da shi a Ingila tun 2023. Ki tambaye su kuma ko gidan yana cikin waɗanda aka yi wa rajistar tarihi, in yana ciki sai da izini ake taɓa murhun.

Tambaya daga wani bawan Allah a Jos

Salam Malam. Gidan mahaifinmu ne Allah ya jiƙansa a wajen Bukuru, tsohon gidan Turawan haƙar kuza ne ya saya, akwai murhun dutse a falo. Shekaru 'yan haya ne a ciki har girki sun yi a wurin, manja ya zuba, ga kakin kyandir ga hayaƙi, kuma wani ya taɓa shafa masa banish ya yi ja yana ɓarewa. Yanzu muna gyara zan tare da iyali, mai sa mana tayil yace in sayo asid ɗin wanke tayil galan ɗaya zai fitar da komai, yayyena kuma sun ce a rushe shi kawai a sa tayil. Ni ina tuna Baba yana zama a gabansa da sanyi shi ya sa na kasa. Mene ne shawararka?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Ka roƙi yayyenka su ba ka wata ɗaya kafin a kawo guduma, ina da yaƙinin in suka ga abinda ke ƙarƙashin dattin nan su da kansu za su ce a bar shi. Irin waɗannan gidajen na Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi an yi musu murhu ne saboda sanyin Filato na gaske ne, tudun ya haura mita 1,200, kuma yawanci da giranet ɗin wurin aka gina, wanda ya fi dutsen 'yar'uwarmu ta Bradford tauri nesa ba kusa ba kuma ba ya shan ruwa sosai, kenan aikinka ya fi nata sauƙi.

Asid ɗin nan kar ka saya. Aikinsa cinye ragowar siminti a kan tayil, ba ruwansa da mai ba ruwansa da kaki ko kunkunniya, abinda zai yi maka shi ne ya cinye kwaɓin da ya riƙe duwatsun, ya taso da tsatsa daga baƙaƙen ɗigon da ke jikin giranet ka ga rawaya-rawaya ta fito, tururinsa kuma ya sa ƙarfen taga da hinjin ƙofa tsatsa. Mai tayil ba mugunta yake nufi ba, abinda ya sani a sana'arsa ya faɗa maka, amma wannan ba tayil ba ne.

Ka fara da kakin, tsohon katin ATM ya isa ka kankare na sama, sauran ka ɗora takarda mai kauri mara rubutu ka bi da dutsen guga mara zafi sosai, takardar za ta shanye kana canzawa. Banish kuma sai maganin cire fenti na wurin masu fenti, amma na kasuwarmu yawanci masu ƙarfin tururi ne, don haka a buɗe tagogi da ƙofofi duka, a sa fanka tana kora waje, ba sigari ba risho ba janareta a kusa, a yi kaɗan-kaɗan ana fita shan iska, haka ma tina, ruwan nan na tsinka fenti, in za a goge da ita, wuta take kamawa kamar fetur. In akwai fentin mai a wurin kar a sa masa sanfefa, gargaɗin da na yi wa 'yar'uwa akan dalma ya shafe mu ma, an sha gwada fentin mai na kasuwanninmu ana samunta.

Daga nan ruwan ɗumi da omo da buroshin wanki na roba, daga ƙasa zuwa sama, inda maiƙo ya yi kauri ka jiƙa kanwa ka tace ka yi amfani da ruwan, giranet yana jure mata, sai dai a ɗauraye da ruwa mai yawa don kar ta bar fari. Manjan da ya shige ciki shi ne zai ba ka wahala. Ka daka farar ƙasa ko alli ya yi laushi ka kwaɓa da ruwan omo mai kauri ka yi masa irin ƙunshin da na bayyana a sama, ka manne bakin ledar da salatif sosai in lokacin hunturu ne, in ba haka ba iska za ta busar da shi cikin awa biyu bai yi aikin komai ba. In maiƙon ya fita jan ya rage, ka sayi haidurojin na wanke ciwo a kemis ka kwaɓa farar ƙasar da shi ka sake ɗorawa, yana koɗar da jan manja, amma ka gwada a lungu tukunna.

Abinda na fi so ka kula da shi shi ne bututun. Gidaje da yawa lokacin da aka canza musu kwano an datse bututun ko an toshe shi a cikin rufi, wasu kuma jemagu da tsuntsaye sun cika shi. A hau sama a duba, a zura gora a share, sannan ka ƙona 'yar takarda a ciki wani ya tsaya a waje ya ga ko hayaƙi na fita, wani kuma ya leƙa cikin silin ya ga ko yana tsiyaya a can, in yana tsiyaya kar a kunna wuta sai magini ya gyara. In silin ɗin tsohon na asbesto ne a bi shi a hankali kar a farfasa. In kuma bututun a toshe yake kar wanda ya ce bari a sa gawayi a murhun tunda ba ya hayaƙi, gawayi a rufaffen ɗaki shi ne yake kwantar da iyali gaba ɗaya su kwana ba su tashi ba, iskar tasa ba ta da wari ba ta da launi.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Harlem, birnin New York

Malam barka da aiki. Gidan haya nake, akwai tsohon murhu na farin mabul a ɗakina ba a kunna shi, ya yi rawaya sai na goge da lemon tsami da khal kamar yadda nake wa tukunya, yanzu wurin ya dushe ya yi garas-garas ba sheƙi. Da me zan wanke ya dawo?

Amsa

Barka kadai Hajiya. Wannan ba datti ba ne da za a wanke, tsamin ne ya ci fatar mabul ɗin, don haka ki daina gogawa haka nan, ki ɗauraye wurin da ruwa zalla ki tsane. In wurin bai fi tafin hannu ba kuma farce ba ya maƙalewa a ciki, akwai garin goge mabul da ake sayarwa a kantunan kayan gini, ana ɗan jiƙa shi a murza da tsumma mai laushi a hankali sheƙin yakan dawo. In ya fi haka faɗi ko ya yi zurfi sai mai gyaran mabul ya zo da abin gogewarsa, kuma tunda haya kike ki sanar da mai gidan kafin ki kira kowa, ki ɗauki hoto ki ajiye. Rawayar da ta dame ki tun farko kuma ƙunshin farin yumɓu da haidurojin ne maganinta a farin mabul, a gwada a gefe tukunna, goge-gogen yau da kullum kuwa ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke wanda babu lemon tsami a cikinsa ya wadatar, ki tsane da busasshen tsumma nan take.